Guntun Sukurun da Ka Mayar wa Mai Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Shi ya ba mu aro, Shi ya karɓi abinsa, kuma babu ɗayanmu da zai saura.

A ranar Talata, takwas ga watan Safar na wannan shekara ta 1446, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran maigidana, Malam Nasidi Maƙeri na Tungar Maƙera, yana kan hanyar dawowa daga kasuwar Talata Mafara. Mutanen daji ne suka tare motar da yake ciki a hanyar Janbako. Su uku suka rasu nan take. An yi masa sutura washegari da hantsi. Ya bar duniya yana da shekara sittin da ɗaya, ya bar ni da 'ya'ya biyar da jikoki.

Malam, shekara talatin da huɗu ina ɗakinka, bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Yau hannuna ya rubuta shi.

Na roƙi Liman ya karanta wannan takarda a ƙofar gida gobe, ranar addu'ar bakwai, a gaban maza. Ni ina cikin takaba, ba ni da ikon fita, kuma ko da ina da shi muryata ba ta kai tabarma ta biyu. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da na ji ta bayan katanga zan ce ji na yi. Abin da aka gaya mani zan faɗi wanda ya gaya mani. Ina tsoron in ƙara ko harafi ɗaya a kan mamaci, ko da na yabo ne.

Kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Tun da gero ya fi tsayin mutum bana, har ɓarayi na iya ɓuya a cikinsa, ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yanke ya faɗi. Kowa a garin nan ya san wannan tsoron. Amma akwai na biyu da ya shigo gidanmu makonni huɗu da suka wuce, wanda ya fi na farko nauyi, domin ba daga daji ya zo ba. Daga maƙwabta ya zo, mutanen da suka san ƙofar ɗakin kowane ɗayanmu. An ce kai kake yi wa ɓarayin daji gyaran bindiga. A kan wannan magana nake rubutu.

Kafin in kai can, bari in tuna wa mutane wanda suka yi zama da shi.

Ban taɓa wanke rigarka ban tarar da aljihun a yage ba. Duk ƙusa ko guntun waya da ka gani a hanya sai ka duƙa ka ɗauke, ka ce ƙafar wani ce ka ɗauke wa. Na yi ta bankin aljihun nan har na daina mita. Matan da ke zuwa karatu wurina, idan allon ɗaya ya tsage, kai kake ɗaure shi da gwangwani. Ba ka yi nisa a karatu ba, kai da kanka kake faɗa, amma ba ka taɓa allo mai rubutu sai ka yi alwala. Kuma ba ka miƙo shi sai ka bi kan kowace ƙusa da magagari, ka shafa da bayan hannunka, ka tabbatar ba za ta yagi kowa ba.

Akwai ɗabi'arka guda da har dariya ake yi maka a kanta. Duk abin da ka yanke daga ƙarfen mutum, komai ƙanƙantarsa, sai ka mayar masa. Maƙwabciyarmu Murja tana nan, a tambaye ta. Ta kawo tukunya ka gyara mata hannu, ta ɗauka ta tafi, ka bi ta har bakin rijiya da wani ɗan guntun ƙusa a tafin hannu.

Ka ce, "Murja, tsaya, kin bar abinki."

Ta duba ta ce, "Haba Malam, wanga ko kaza ba ta tsintar shi."

Ka ce, "Ko kaza ta ƙi shi, ƙarhenki na."

Shekara ta fi goma, amma har bana in ta gan ka sai ta ce ko akwai sauran gadonta a maƙera.

Fartanya da galma da lauje ka gada wurin mahaifinka. Bindiga, a da, sai ta mafarauta, sau ɗaya ko biyu a shekara. Da zamani ya juya, masu tsaron gari suka fara kawo maka nasu. Ba ka taɓa ƙera bindiga ba, wannan na sani. Ƙota kake gyarawa, da mariƙi, da abin da ya kwance. Ba ka son aikin. Ranar da ka yi shi ba ka cin abinci sosai. Amma kana cewa bindigar da ke girgiɗi a hannu na kusa da ita take fara kashewa, don haka in dai za a riƙe ta, gara ta zauna daidai.

Yanzu ga ranar da komai ya faro.

Shekara uku ke nan, da rani, da hantsi, Bappa ya zo. Manya sun san shi, amma saboda yaran yanzu zan faɗa: Bafulatani ne na rugar bayan gari, nan aka haife shi, mahaifinsa abokin mahaifinka ne, kuma tare kuka yi ƙuruciya. Ya zo da matarsa Adda, ita da ƙwaryar nono, shi da wani abu naɗe cikin tabarma. Ba ka tsaya da shi a maƙera ba, ka shigo da shi cikin gida, ƙarƙashin dalbejiya. Ni da Adda muna zaune a ƙofar ɗaki, bai fi taku biyar tsakaninmu ba. Da idona na ga duk abin da zan faɗa.

Tsohuwar bindigar mahaifinsa ce. Mariƙinta ya kwance, ƙusar da ke riƙe shi ta ɓace. An fara satar shanu a rugage, yana so ko ƙara ce ya riƙa yi a ji. Ya zo da nasa sukurun, na tagulla, ja-ja, da ɗan notinsa a jiki. Ya ce a jikin wani mataccen injin ban-ruwa ya kwance shi, can gefen Bakolori. Kaurinsa ya yi daidai, amma ya yi tsawo da kamar gaɓar yatsa. In aka ɗaura shi haka, zai ɓullo ta ɗaya gefen ya soki tafin mai riƙewa.

Bappa ya ce, "Ɗora shi bisa uwar maƙera ka datse mu tahi, maƙeri, shanu na jira na."

Ka ce, "Kai dai saniya ka sani. In na datse shi hakanan, zaren bakin ya lanƙwashe, ko ka shekara kana murɗawa ba ya shiga. In ka tilasta shi, ya cinye ramin, gobe ka dawo ka ce maƙeri bai iya ba."

Ya ce, "Ai ko yanzu ban ce ya iya ba."

Ka karya karan tsintsiya ka zura a ramin, ka auna zurfinsa, ka ɗora a jikin sukurun ka yi alama. Sannan ka yi abin da na sha ganin kana yi: ka murɗa notin ya wuce alamar, ya koma can wajen kai, tun kafin zarto ya taɓa ƙarfen. Ka matse sukurun tsakanin 'yan itace biyu don kada awartaki ya ciji zaren, wato ɗan layin nan da ya nannaɗe jikinsa. Ka yanka a hankali, kamar mai tsoron tada jariri. Ka bi bakin da magagari kana juyawa, har ya zama kamar kan ƙwayar dawa. Ka ɗiga man gyaɗa. Sai ka warware notin ya fito ta wurin da aka yanke, ka mayar, ka sake fitarwa, sau uku. Ka ce wa Bappa, abin da zarto ya ɓata, noti ne ke gyarawa a hanyarsa ta fita, amma sai in an sa shi tun farko, wanda ya yanka kafin ya tuna da noti ya makara.

Da yatsa biyu sukurun ya shiga. Mariƙin ya zauna kamar da shi aka haife ta.

Sai ka tsince guntun da ya faɗi a ƙasa, ka haɗa da notin, ka miƙa masa. "Ƙarhenka na."

Bappa ya yi dariya har da tari. Ya ce zai ajiye wa jikokinsa, in shanu sun ƙare su raba. Ya jefa su cikin 'yar jakar fatar da yake ajiye allura. Adda ta ce mani, "Malama, mijinki da mijina, Allah kaɗai ya san wa ya fi wani wauta."

Ba zan ce ba ka san mutane ba za su so wannan aiki ba. Ka sani, shi ya sa ka shigo da shi cikin gida. An riga an fara gunaguni a kan Fulani a lokacin. Amma dokar Maigari, cewa kada maƙeri ya taɓa bindigar kowa sai ta masu tsaro, bayan wata biyu ta fito, kuma tun da ta fito ba ka ƙetare ta ba.

Da damina ta zagayo, mutanen daji suka faɗa wa rugar da rana tsaka. Suka kore shanun Bappa kaf. Ɗansa Ishaq ya tsaya a gabansu da bindigar nan, suka kashe shi, suka ɗauke ta daga hannunsa. Garin nan ya je gaisuwa, da yawanku kuna cikin waɗanda suka je. Bappa ya faɗi maganar shanu, ya faɗi maganar ɗansa, bai faɗi maganar bindiga ba, domin a lokacin a ce Bafulatani yana da bindiga ya isa a rasa shi. Ya kwashi abin da ya rage ya koma wajen dangin Adda, kusa da Damri. 'Ya'yansa mata biyu suna nan a rugar da aurensu. Gida tara ne a wurin har yau.

Bana, mako uku kafin rasuwarka, aka kai wa masu noma hari a gonakin gabas. Masu tsaron gari suka bi su, ɗaya daga cikin ɓarayin ya yar da bindiga ya tsere. Dikko, shugaban masu tsaro, ya ɗauka. Ina so a ji ni da kyau: ban riƙe Dikko a zuciya ba. Ƙaninsa aka kashe a gona bara, shi ya ɗauko gawar a kafaɗa. Kuma shi ma ka sha gyara masa tasa, don haka ya san hannunka. Ya ga bakin sukurun nan mai kama da ƙwayar dawa. Duk ƙasar nan, daga Dosara har Bakura, wasu ƙusa suke bugawa su lanƙwashe, wasu su datse su tura da ƙarfi. Mutum ɗaya ne ke ɓata rabin hantsi a kan bakin sukuru.

Suka zo maƙera su bakwai. Ina bayan zana, ji na yi.

Dikko ya ce, "Malam Nasidi, aikin wa na wanga?"

Na yi addu'a a zuciyata ka ce ba ka sani ba. Allah ya yafe mani, ƙarya na roƙa maka. Amma sai ka ce, "Aikina na."

"Wa ka yi wa?"

"Wani mutumin kirki, shekara uku da suka wuce. Ƙwace ta aka yi."

"Suna muke so."

Ka ce, "Dikko, in na ba ka suna, mi za ka yi da shi?"

Bai amsa ba.

Ka ce, "To ka ga abin da ya sa ba ni hwaɗi."

Da ka shigo azahar na kawo maka fura, ba ka sha ba. Na ce, "Malam, ka faɗa mana. Kowa ya san abin da aka yi wa Bappa."

Ka ce, "Awo, Malama, kowa ya sani. Amma ranar da aka ce bindigar ɓarayi daga ruga ta hito, wa zai tsaya ya tambayi yadda ta hito? Gida tara na can, da jarirai." Sannan ka dube ni, abin da ba ka cika yi ba, ka ce, "Ke kaɗai kika gani. Amana na ba ki." Na ce na karɓa. Ban san nauyin abin da na karɓa ba.

Daga ranar ba wanda ya sake kawo fartanya, ana tsakiyar noma. Ɗanmu Sulaiman, wanda ke aiki tare da kai kuma yake zaune a gidan nan da matarsa da jaririnsu, ya gaya mani cewa a masallaci ana barin gurbi a gefenka, sai Liman ya ce a matso. Matan karatuna sun koma huɗu daga goma sha bakwai. Babur in ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta zana in ga ko su ne suka dawo. Kai kuwa kullum da safe sai ka hura wuta ka yi ta ƙera lauje, ba wanda ya sa ka. Da suka taru ka ce za ka kai Mafara. Rabonka da kai kaya kasuwar nan ya fi shekara takwas, aikin gari ya ishe ka. Ka san halin hanyar, ni ma na sani. Na ce ka bari Talata mai zuwa. Ka ce Talata mai zuwa ma hanyar ce.

Da za ka fita ka zazzage aljihunka a kan dakalin ƙofar ɗaki, ƙusoshi huɗu da wata karyayyar reza. Ka ce, "Kada su ƙara maki aiki." Suna nan inda ka bar su, na hana a share wurin.

Ba zan ce wani a garin nan ya kashe ka ba. Kwananka ne ya ƙare, kuma waɗanda suka harbi motar Allah ya san su. Abin da zan ce kawai, da ana kawo maka fartanya, da ranar nan kana maƙera.

Na ɗauka mutuwa za ta rufe maganar. Ran kwana uku Murja ta shigo, ta zauna kusa da ni, ta kasa duba fuskata. Ta ce ana cewa abokan hulɗarka ne suka kashe ka don kada ka tona su. Ta ce wasu samari sun yanke shawara: zuwa ranar bakwai, ko Sulaiman ya faɗi sunan, ko mu bar gari, in kuma muka ƙi, su san abin da za su yi. Sulaiman bai san komai ba, a shekarar yana noman rani a fadama. Ya shigo ya durƙusa a gabana, mutum mai gemu, ya ce, "Inna, in kin sani ki hwaɗa mani. Ba don ni ba, don jaririn nan."

Malam, ban taɓa shiga irin wannan hali ba. Na karanta tun ina ƙarama cewa ɓoye shaida zunubi ne, na kuma karanta cewa cin amana zunubi ne, ban taɓa tunanin za su zo mani a rana ɗaya ba. In na buɗe baki, gida tara. In na yi shiru, ɗana. In mun tashi, ina cikin takaba, kuma ta wace hanya? Hanyar da ta cinye ka ita ce dai hanyar. Na ce masa ya ba ni zuwa Litinin. Ban san abin da zan yi ran Litinin ɗin ba, kuma har yau ban san wanne zan zaɓa ba da abin ya kai haka. Ban aika wa kowa ba, Allah shaida.

Ran Asabar da hantsi, maza suna zaune a ƙofar gida, sai na ji hira ta yanke gaba ɗaya, kamar an rufe tukunya. Na taso na jingina da katangar zaure. Na ji muryar da rabona da ita shekara biyu.

"Salamu alaikum. Ina kwananku? Ya muka ji da haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, Allah ya sa ya huta."

Liman kaɗai ya amsa. Sulaiman ya gaya mani daga baya cewa Bappa a ƙasa ya tako daga mararraba, ya jingine sandarsa tun daga bakin gari, ya shigo hannuwansa a buɗe. Ya rame har ba a gane shi da farko ba. Ya zauna a ƙarshen tabarma, aka yi addu'a, aka shafa. Sannan ya ce a kira Dikko, ya zo da bindigar.

Da Dikko ya iso, Bappa ya ce, "Labari ya iske ni Damri shekaranjiya. Bindigar ga tawa ta, ta ubana. Nasidi ya gyara mani ita, ni da kaina na kawo. Da ita ɗana ya tsaya ranar da aka kashe shi. Na ɓoye don tsoro, shi kuma ya ɓoye don ni. Ga shaidata."

Wani ya ce, "Sukuru ai sukuru na, kasuwa cike take da su."

Abin da ya biyo baya Sulaiman ne ya gani. Ya ce Liman ya sa shi ya ɗauko gwangwanin notinka daga maƙera. Dikko da hannunsa ya kwance sukurun daga mariƙin. Ya yi ta gwada notin gwangwanin ɗaya bayan ɗaya, sun fi talatin. Wani ya ƙi shiga, wani ya shiga rabin juyi ya cije. Zaren sukurun injin nan daban yake da na kasuwa. Sai Bappa ya kwance jakar allurarsa ya zazzage a tafin Dikko: ɗan noti ja-ja, da guntun tagulla kamar gaɓar yatsa. Dikko ya ɗora notin, ya murɗa da yatsa biyu, ya tafi sumul har ƙarshe. Ya warware shi, ya ɗora a kan guntun, nan ma ya tafi. Ya haɗa bakin guntun da bakin sukurun ya ɗaga sama, kowa ya gani, abu ɗaya ne aka raba biyu.

Wannan kuma da kunnena na ji. Dikko ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "To mi ya hana shi hwaɗi?"

Bappa ya ce, "Da ya hwaɗi, Dikko, da ka tahi ruga ko ba ka tahi ba?"



Dikko ya ce, "Da na tahi."

Ban gama sauke numfashi ba sai na ji wata murya daga baya, ban gane mai ita ba kuma ba na son in gane, ta ce, "To ai ga mai bindigar nan ya kawo kansa." Na zauna a ƙasa ina salati. Sulaiman ya ce Maigari ne ya miƙe, ya kama hannun Bappa, ya wuce da shi gidansa ta tsakiyar mutane. Jiya Lahadi Sulaiman ya ɗauke shi a babur zuwa Damri, Dikko ya bi su a nasa har suka wuce wurin da ake tsoro. Tun hantsi nake zaune ina kallon ƙofa, allo a cinyata, na kasa wuce layi ɗaya, har la'asar da na ji sallamar ɗana.

Dikko ya zo ƙofar gida yau da safe ya ce wa Sulaiman ya hura wutar maƙera, shi zai fara kawo fartanyarsa. Na gode masa, kuma na san ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya faɗi abin da ya faɗa a gaban jama'a. Sunanka ya wanku, Malam, ɗanka zai kwana a ɗakinsa. Amma Murja ta ce har yanzu akwai masu ambaton ruga a bakin kasuwa. Abin da ka ji tsoro bai wuce ba tukuna, yanzu ne ma sunan ya fito fili.

Saboda haka, ya ku waɗanda ke zaune a kan tabarmar gaisuwarsa, tunda mai sirrin ya buɗe da bakinsa, amanar ta sauka daga wuyana, ga shaidata. Ni Taibatu na ga ranar da aka gyara bindigar nan. Don tsaron shanu aka gyara ta, kuma jinin ɗan mai ita ne ya fara zuba a kanta. Mutanen rugar nan abin da ya ci mu shi ya ci su. Mijina ya yarda a bar gurbi a gefensa a sahu, ya yarda a daina amsa sallamarsa, ya hau hanyar da ya san halinta, don kada a taɓa gida taran nan. In kun zo yi masa addu'a ne da gaske, to ga abin da ya bari. Duk wanda ya taka zuwa ruga da mugun nufi, ya sani a kan kabarin Nasidi ya bi ya wuce.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, bai zo da komai na kowa ba, ko guntun ƙusa. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da Kai kaɗai ka sani. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa shi fiye da yadda wutar maƙera ta gasa shi a duniya. Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya kamar yadda ka tabbatar da shi a gaban mutum bakwai. Ka karɓe shi cikin shahidai, shi da mutum biyun da suka rasu tare da shi. Ka jiƙan Ishaq ɗan Bappa, ka jiƙan ƙanin Dikko, da duk wanda aka ɗauko daga gona ko daga hanya a shekarun nan. Ka cire mana wannan tsoro, na daji da na junanmu.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙannensa da ke Maradun, da 'ya'yansa, Mufida da Husna da Hamdiyya da Fatima da Sulaiman, da jikokinsa, da maƙeran ƙasar nan baki ɗaya, da iyalan abokan tafiyarsa. Ina miƙa ta ga Bappa, wanda ya rasa aboki, ya kuma tako da ƙafarsa zuwa inda zai iya rasa kansa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Wanda Malam ya ɓata wa, ya yafe masa don Allah.

Saura abu ɗaya, Malam. A cikin rikicin ranar Asabar, notin da guntun sun zauna a kan tabarma, Bappa bai ɗauka ba. Sulaiman ya tsince su ya kawo mani, ya ce in ajiye don tunawa da kai. Na ƙulle su a bakin zanena. Amma ba zan riƙe ba, ka san ba za ka yarda ba. In Allah ya kai ni ƙarshen takaba, kuma hanyar Damri tana biyuwa, kuma rugar bayan gari tana nan da hayaƙinta, zan kai wa Bappa abinsa da hannuna. Ƙarfensa ne.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu a inda babu tsoro. Amin.

Matarka,
Taibatu, Tungar Maƙera
Litinin, 14 ga Safar, 1446